Mutumin da ya rage da kalma ɗaya: tarihin masu gyaran magana da haɗiya

A ajinmu na karatun manya akwai wani dattijo manomi da ba ya fashi. Shi ne mai fara zuwa, shi ne mai shimfiɗa tabarmi. Cikin wata biyar ya iya rubuta sunansa da na ƴaƴansa. Wata safiya bayan girbi ya tashi zai yi alwala, sai buta ta kuɓuce daga hannunsa na dama. Bakinsa ya karkace. Daga ranar nan bai sake iya faɗin komi ba sai “to”. In an gaishe shi, “to”. In an tambaye shi ina ke ciwo, “to”. Mutanen gida suka riƙa zancensa a gabansa kamar ba ya nan. Wasu suka ce iska ce ta buge shi, wasu suka ce hankalinsa ya tafi.

Na je gaishe shi da allo da alli. Na rubuta sunan babban ɗansa. Ya duba, ya ɗaga hannun hagu, ya nuna yaron a bakin ƙofa. Ashe hankalinsa yana nan. Bayan mako shida ya rasu da zazzaɓi da ciwon ƙirji. A kwance ake ba shi ruwa da fura, yana tari, ana cewa tarin sanyi ne. Lokacin ban san abin da na sani yanzu ba. Shi ya sa na nemi tarihin wannan ciwo, kuma ga abin da na samo.

Ciwon da ya same shi shi ne shanyewar ɓarin jiki. Jijiyar jini ce take toshewa ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, kuma hawan jini, wanda muke cewa tansiyo, shi ne babban mai jawo shi. Cikin mutum uku da ciwon ya kama, kusan ɗaya yakan rasa magana, gaba ɗaya ko wani sashe. Kusan rabinsu kuma haɗiya takan yi musu wuya a kwanakin farko. Yau akwai ma'aikata na musamman da aikinsu ke nan, su koya wa babba magana da haɗiya daga farko. Da Faransanci ana ce musu ortofonis. Mu ce masu gyaran magana. Wannan sana'a ba ta daɗe ba, amma ciwon ya daɗe ƙwarai.

A ƙasar Masar an samu wata tsohuwar takarda ta likitocin zamanin Fir'auna, wadda aka rubuta kimanin shekara 3,600 da suka wuce. Ta lissafa raunuka 48. A ciki akwai labarin mutumin da aka fasa wa gefen kai, ana yi masa magana ba ya iya amsawa. Likitan ya rubuta cewa wannan ciwo ne da ba a yi masa magani. Dubban shekaru aka yi a kan wannan hukunci. Wasu suna zaton harshe ne ya mutu, sai su shafa masa magani ko su tsaga shi. Harshen kuwa lafiyarsa lau.

Sai shekara ta 1861, a birnin Paris na ƙasar Faransa. Akwai wani babban gidan likita mai suna Bisetir, inda ake ajiye tsofaffi da naƙasassu da masu taɓin hankali. A nan wani mutum mai suna Laborni ya yi shekara 21. Yana da shekara 30 magana ta ɗauke masa. Abin da ya rage a bakinsa sauti ɗaya ne, “tan”, yakan maimaita shi sau biyu. Har mutanen gidan suka manta da sunansa, suna kiransa Tan. In ransa ya ɓaci ƙwarai, zagi guda yakan fito masa sarai, sa'an nan ya koma ga “tan”. Bayan shekara goma hannunsa na dama ya shanye, daga baya ƙafar dama ta bi.

A watan Afirilu na 1861 ƙafar ta ruɓe, aka kai shi ɗakin wani lokotoro mai fiɗa, sunansa Fol Buroka. Shi Buroka ya yi abin da ba a saba yi ba: ya zauna ya yi masa tambayoyi. Ya ce masa, shekara nawa ka yi a gidan nan? Laborni ya buɗe yatsun hannun hagu sau huɗu, ya ƙara yatsa ɗaya. Ashirin da ɗaya ke nan, daidai. Ku duba fa, shekara 21 mutum yana ƙirga kwanakinsa, yana jin duk abin da ake faɗi a kansa, ba shi da bakin amsawa. Ranar 17 ga watan ya mutu. Buroka ya buɗe kansa, ya tarar da wani wuri ya lalace a ƙwaƙwalwa, ta gaba, gefen hagu. Washegari ya kai ƙwaƙwalwar gaban taron masana. Bai yanka ta ba, ya ajiye ta cikin kwalba, kuma har yau tana nan. A 2007 masana suka ɗauki hotonta da na'urar zamani, suka ga ɓarnar ta shiga ciki fiye da yadda Buroka ya gani da ido.

Buroka ya ci gaba da tara masu irin wannan ciwo. A 1865 ya bayyana cewa da gefen hagu na ƙwaƙwalwa muke magana. Gefen hagu kuwa shi ke tafiyar da hannun dama da ƙafar dama. Shi ya sa za ku ga wanda ɓarinsa na dama ya shanye shi ne ya fi rasa magana, kamar dattijon ajinmu.

A 1874 wani saurayin lokotoro Bajamushe, Karl Wernike, mai shekara 26, ya nuna wani irin ciwon dabam. Masu shi suna zuba magana kamar ruwa, amma maganar ba ta da kai, kuma ba sa gane abin da ake faɗa musu. Su ɓarnar tana can baya, wajen saman kunnen hagu. Waɗannan su ne aka fi zalunta, don kowa ya ji su sai ya ce mahaukata ne. Ba hauka ba ne. Wurin da ke haɗa sauti da ma'ana ne ya lalace.

To, an san wurin ciwo. Magani fa? A nan Buroka ya faɗi wata magana da ta fi burge ni a duk tarihin nan. Ya gwada koya wa wani majinyaci da haruffa, ya ga yana ɗan ci gaba. Sai ya ce a ganinsa za a iya mayar wa irin waɗannan mutane da magana, in an samu mai bin su kullum da haƙuri irin na uwa mai koya wa ɗanta. Amma shi lokotoro ne, minti kaɗan yake da su ga kowane majinyaci. Ya ga hanya, ba shi da lokacin bin ta. Aka yi shekara hamsin kafin a samu masu bin ta da yawa.

Yaƙi ne ya kawo su. A Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, dubban samari suka dawo daga fagen fama da raunin harsashi a kai. Da can masu rasa magana yawanci tsofaffi ne, ana cewa kwanansu ya ƙare. Yanzu kuwa ga ɗan shekara ashirin, jikinsa da ƙarfi, ba ya iya kiran sunan uwarsa. Gwamnati ba ta iya zuba masa ido shekara arba'in. A Jamus da Otiriya aka buɗe gidajen likita na musamman, masu aji da allo da ɗakin koyon sana'a. Lokotoro Kurt Golshitain ya riƙe ɗaya a birnin Farankfut. A birnin Biyana kuma akwai lokotoro Emil Foroshel, wanda ya tara taron farko na ƙasa da ƙasa na masu wannan aiki a 1924. Da yawa daga cikin masu koyarwa a gidajen nan malaman makaranta ne, musamman malaman kurame. A Amurka aka kafa ƙungiyar masu gyaran magana a 1925, a Ingila a 1945.

Labarin da ya fi kusa da mu masu koyon karatu ya fito ne daga Rasha, a Yaƙin Duniya na Biyu. Wani masani mai suna Aleksanda Luriya ya riƙe gidan likitan sojoji a wani ƙauye cikin duwatsun Ural. Ɗaruruwan masu raunin kai suka bi ta hannunsa. A cikinsu akwai wani saurayi, Lef Zasetski, ɗalibin babbar makaranta, wanda aka harba a gefen hagu na kai a watan Maris na 1943. Da ya farfaɗo aka miƙa masa jarida. Ya duba, ya ga kamar rubutun wata ƙasa ce. Ko harafi ɗaya bai gane ba. Mutumin da ya yi karatu mai zurfi ya koma gaban malama yana koyon baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya. In ya manta wani harafi, sai ya bi jerin haruffa da baki tun daga farko har ya iso gare shi, don jerin da ya haddace yana yaro bai ɓace ba. Kun san wannan dabara, da yawa cikinku kuna yin ta.

Rubutu ya fi ba shi wuya. Yana tsayawa a kan kowane harafi yana tunanin siffarsa, abin ya ƙi. Sai Luriya ya ce masa kada ya yi tunani, ya rubuta kalma gaba ɗaya ba tare da ya ɗaga hannu daga takarda ba. Ya gwada, kalma ta fito. Ashe hannu ya riƙe abin da ido ya manta. Daga nan ya shiga rubuta labarin rayuwarsa. Wata rana rabin shafi yake samu daga safe zuwa dare, kuma da ƙyar yake karanta abin da ya rubuta. Ya yi shekara 25 yana yi, ya cika shafi kusan 3,000. Bai warke sarai ba, kada in ruɗe ku. Amma darasin Luriya ya zauna: in hanya ɗaya ta toshe a ƙwaƙwalwa, a nemi wadda ta rage a bi ta nan.

Waƙa ma hanya ce. Tun 1745 wani marubuci a ƙasar Suwidin ya ba da labarin wani ɗan ƙauye da ciwon ya bari da kalmar “i” kaɗai, amma yana rera waƙoƙin ibada da ya sani tun da. A 1973 masana a birnin Boston na Amurka suka mai da wannan dabarar koyarwa: a rera gajeriyar magana kamar “ba ni ruwa”, ana buga hannun hagu, a hankali a rage rerawar har ta koma magana. Don haka in kun ga mai wannan ciwo yana ƙirga ɗaya zuwa goma, ko yana karanta abin da ya haddace, amma ya kasa faɗin sunan matarsa, kada ku ce da gangan yake yi.

A Faransa, mace ce ta kafa sana'ar, Suzan Borel-Mezoni. Ta fara a 1926 da yaran da aka haifa da tsagaggen ganɗa, waɗanda aka yi wa fiɗa amma magana ba ta daidaita ba. Daga baya aikin ya faɗaɗa har ga manya. A 1964 dokar ƙasar ta amince da sana'ar, aka ba ta takardar shaida tata.

Yanzu mu zo ga haɗiya, don ita ce ta kashe ɗalibina. A maƙogwaro hanya biyu ce kusa da juna. Ta gaba ta iska ce, tana zuwa huhu. Ta baya ta abinci ce, tana zuwa ciki. Sa yatsa a kan maƙoshinka ka haɗiyi yawu. Ka ji ya hau sama ya sauko? A wannan lokacin numfashi yana tsayawa, wani ɗan marfi yana rufe hanyar iska, abinci ya wuce ta baya. Wannan marfi yana can ƙasa, bayan tushen harshe, ba belin nan da ake gani in an buɗe baki ba. Duk aikin kusan daƙiƙa ɗaya ne. Ƙwaƙwalwa ce ke tsara shi, da leɓe da harshe da maƙoshi, wato kayan da muke magana da su. In ƙwaƙwalwa ta taɓu, sai rufewar ta makara, ruwa ko abinci ya zarce huhu tare da dattin baki. Bayan kwana kaɗan sai zazzaɓi da ciwon huhu.

An daɗe ba a ga wannan da ido ba. A 1895 aka gano hasken nan da ke ɗaukar hoton cikin jiki, wanda muke cewa radiyo a gidan likita. Shekara ɗaya bayan haka wani ɗalibin likita a Amurka, Walta Kanon, ya fara kallon haɗiya da shi a jikin dabbobi. Ya sa dinya cikin akwati, wuyanta a miƙe, ya ba ta abinci haɗe da wani gari da ke fitowa a hoto, ya ga lomar tana gangarawa. Amma an yi shekaru da yawa mai wahalar haɗiya ba shi da mai koya masa. In abin ya tsananta, a zura masa tiyo ta hanci, shi ke nan.

Sai wajen 1970 masu gyaran magana suka shiga aikin, tun da su suka fi sanin motsin harshe da maƙoshi. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Jeri Logeman, malama a wata jami'a ta yankin Shikago. Ta riƙa zaunar da majinyaci gaban na'urar hoto mai motsi, ta ba shi ruwa kaɗan, sa'an nan abu mai kauri, sa'an nan abin taunawa, duk haɗe da farin garin nan mai fitowa a hoto. A 1983 ta fitar da littafin da ya zama jagoran aikin. A 1988 wata malama, Suzan Lanmor, ta kawo dabara ta biyu, siririn tiyo mai ido da ake zurawa ta hanci a kalli maƙoshi ana cikin haɗiya.

Hotunan nan sun nuna abu mai ban tsoro. Akwai majinyata da yawa da ruwa ke shiga huhunsu ba su yi ko tari ba, don jin wurin ya mutu. Sun kuma nuna ruwa tsararo shi ne ya fi saurin kuɓucewa, don yana gudu kafin ƙofa ta rufe. Mu kuwa a gida shi muke fara ɗura wa marar lafiya, a kwance, muna ganin shi ne mafi sauƙi. Abu mai ɗan kauri kamar kunu yana tafiya a hankali, ko da yake ba kowa yake yi wa daidai ba, sai an gwada mutum an gani. Hotunan sun nuna kuma yadda zama ke canza komi. Wani in ya sunkuyar da haɓa wajen ƙirji sai haɗiya ta yi kyau. Wani sai ya juya kai wajen ɓarin da ya shanye, abinci ya bi ta gefen mai lafiya. Daga nan aka samu ƙa'idodin da ake koya wa masu jinya: a zaunar da mutum sosai, a tabbata idonsa biyu, a ba shi da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye, a duba kumatu ko abinci ya maƙale, kada a kwantar da shi sai bayan rabin awa. In muryarsa ta koma kamar mai kurkurar ruwa bayan ya sha, a dakata a nemi likita. Wanke baki ma magani ne. A ƙasar Japan an gwada a gidajen tsofaffi, aka buga sakamakon a 1999: waɗanda ake goge wa baki bayan kowane abinci sun fi tsira daga ciwon huhu.

Mai karatu zai ce, shin koyarwar nan tana aiki, ko dai jiki ne ke warkewa da kansa? Tambaya ce mai kyau, likitoci ma sun daɗe suna gardama a kanta. Gaskiya ne a watannin farko wani abu yakan dawo da kansa, haɗiya ma ga yawancin mutane takan gyaru cikin makonni kaɗan, in an tsare huhu kafin nan. Game da magana, a 2016 masana suka tattara gwaje-gwaje 57 da aka yi da mutum 3,002. Suka ga waɗanda aka koya wa sun fi waɗanda aka bari, a magana da karatu da rubutu. Ba dukansu ne suka koma kamar da ba. Wani jimla yake samu, wani kalma ashirin, wani kuwa littafin hotuna ake yi masa, ya riƙa nuna buta ko bargo ko hoton ɗansa.

A ƙasashenmu na Afirka ta Yamma sana'ar sabuwa ce. A 2003 aka buɗe sashen koyar da ita a makarantar ma'aikatan lafiya ta birnin Lome, a ƙasar Togo, kuma ɗalibai daga wasu ƙasashe masu aiki da Faransanci sun je can sun koyo. Har yanzu masu aikin kaɗan ne, yawancinsu a manyan birane. Akwai kuma matsalar harshe. Takardun gwajin da aka gada da Faransanci aka tsara su, da hotunan kayan Turawa. In ka nuna wa manomin Maraɗi hoton abin da bai taɓa gani ba ya kasa faɗin sunansa, ba ka gwada komi ba. Sai an nuna masa hauya da ƙwarya da raƙumi, an tambaye shi da Hausa. Shi ya sa mai gyaran magana a nan yakan zaunar da matar majinyaci ko ɗansa ya koya musu, don su ne za su yi aikin safe da yamma a gida.

Ranar da bakin mutum ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, a ranar ake kai shi gidan likita, ba a jiran gobe. Kada a ba shi ruwa ko fura a hanya. In an isa, a tambayi likita ya duba haɗiyarsa kafin a sa masa komi a baki, a kuma tambaya ko akwai mai gyaran magana da za a tura shi wurinsa.